Hayaƙin da Na Kawo Gida daga Madawa

Idan jikokina suka kunna rediyo aka shiga zancen ɗumamar duniya, nakan gyara zama in ce musu ni na fara kawo wannan rigima ƙasar Adar, tun ba a haifi iyayensu ba. Sai su kalli juna su yi murmushi, wai tsufa ya fara taɓa ni. To, ba tsufa ba ne. Ni na ɗauko ta a ka daga Madawa, ba wanda ya aike ni, kuma gidan da ta fara ci namu ne.

Mu maƙera ne, a wani ƙauye da ke gindin dutse tsakanin Buza da Garhanga. Babana shi ne sarkin maƙeran garin. Ba ƙira kaɗai ya gada ba, har da dahuwar tama, wato a haƙo jan dutse a dafa shi da gawayi har ƙarfe ya fito. Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro a kai lakkol, wato makarantar boko, mai gari ya dubi 'ya'yansa ya ga duk suna da amfani, ya dubi na liman ya ga ba su taɓuwa, sai idonsa ya faɗa kaina. Ni ne yaron da in an ba shi awartaki sai ya ƙone, in an sa shi zuga sai ya yi gyangyaɗi. Babana bai ja maganar da nisa ba, kuma saurin yardar da ya yi ya daɗe yana ci mini rai.

Na gama lakkol a Madawa da Faransanci daidai gwargwado da girman kai fiye da kima. Aka ba ni aiki a bariki. Bayan biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, akwai wani farin akwati mai dogayen ƙafafu, a cikinsa ma'aunin zafi, kusa da shi wani gwangwani na tarar ruwan sama. Aikina in buɗe akwatin in duba inda jan zaren ya tsaya, in leƙa gwangwanin, in je in faɗa wa magatakarda. Ɗan akuya ma da za a koya masa zai iya. Amma ni a raina, sararin samaniyar Madawa gaba ɗaya a hannuna yake. Na ɗinka farin wando, na samo takalmi sau-ciki, na kuma sayi tsohuwar hular kwano irin ta Nasara wadda ta fi kaina girma, sai na cusa tsumma a ciki take zama.

Lokacin babban yaƙin Nasara ne na biyu. Hanyoyi sun toshe, ba yadi, ba sukari, ba kananzir, jarida ma ta daina zuwa. Akwai mutum biyu a bariki da rashin jaridar nan ya fi damu. Ɗaya lokotoro ne, wato likita, wani Bafaranshe siriri mai yawan tari. Ɗayan mushen da ya koyar da ni ne, mutumin Dahome, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba tare da ya ɗora mata "amma" ba. Kullum bayan la'asar sukan zauna a barandar asibiti su yi gardama, kuma da abin gardama ya ƙare musu sai suka koma kan wata tsohuwar mujalla da gara ta cinye gefenta. Magana guda a cikinta suka yi rani suna tauna. Ni kuwa ina raɓe a bakin baranda, wai ina jiran lokacin duba ma'auni.

Lokotoro ya ce gawayin ƙasa da ake ƙonawa a masana'antun Turai yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, sunanta gaz karbonik. Tana hawa sama ta taru, zafin rana ya shigo, in ya tashi fita ta tare wani abu daga ciki, kamar yadda bargo ke yi wa mai barci. Ya ce wani mutum can Ingila ya tattara abin da ma'aunan zafi na garuruwa da yawa suka nuna, ya ga duniya ta ɗan ƙara ɗumi, ya ce iskar nan ce. Mushe ya ce amma. Ya ce teku na shanye iskar kafin ta taru. Ya ce danshin da ke sama ya riga ya tare duk zafin da za a tare. Ya ce ma'aunan a cikin birane suke, birane kuwa sun ƙara girma da cunkoso, dole su nuna zafi. Ya ce ita kanta rana, wa ya tabbatar kullum wutarta ɗaya ce? Lokotoro ya yi tari ya ce ai shi mai maganar ma murna yake, wai sanyin ƙasarsu zai ragu. Ni da ke zaune a Madawa cikin bazara, riga ta manne mini a baya, ban ga abin murna ba.

Na zaɓi ɓangaren lokotoro. Ba don na fahimci abin ba. Mushe ya sha zane ni a aji, wannan kaɗai ma ya isa. Ban da haka, a zancen lokotoro ma'aunin zafi ne babban shaida, ni kuwa ma'aunin zafi ne sana'ata. Ashe buɗe akwatin nan da nake yi kullum, shari'ar duniya nake tara wa hujja! Daga ranar na ƙara karkata hulata.

Ƙarshen bazara aka ba ni hutu, na bi 'yan kasuwar Buza na tafi gida.

Na tarar da babana ya koma saurayi. Kafin yaƙi dahuwar tama ta kusa mutuwa, don tsofaffin ƙarafa na zuwa daga kudu, gutsattsarin mota da ɗaurin ganga, maƙeri ya saya da araha ya huta da haƙar dutse. Yaƙi ya yanke wannan. Garuruwa suka wayi gari ba ƙarfen hauya, har daga Tamaske ake aiko wa babana roƙo. Rani guda shi da ƙannensa da ƙannena suna haƙar tama a kan dutse, suna saran itacen ƙirya suna ƙona gawayi. Sun gina murhun laka a bayan gari, ya fi mutum tsayi, da bututan laka jere a gindinsa inda iska ke shiga. Saura kawai ya gama bushewa a cika shi a sa wuta. Kuma dole a sa kafin ruwan farko. In ruwa ya riga wuta, laka ta jiƙe, gawayi ya sha ruwa, kowa ya watse gona, wahalar rani duka ta tafi a banza, gari kuma ya shiga noma da hauyoyin da bakinsu ya cinye.

Da na durƙusa na gaishe shi, takalmina ya fara duba, sannan hular, sannan ni.

"Ka iso lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. In zo in kama muku aiki wajen murhu?"

"A'a, zamna inuwa. Wandonka za shi ɓaci."

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Na koma rumfar maƙera inda maza ke taruwa da hantsi, na zauna ina jiran wani ya tambaye ni labarin bariki. Ba wanda ya tambaya. Zancen kowa tama ne da ruwa. Na cire hula na mayar, na yi gyaran murya, na ɗaga ƙafa don a ga takalmi, duk a banza. Can wani ya share gumi ya ce, "Kai, zahin bana ya hi na bara." Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini ƙofa.

Na miƙe na yi musu lakkol. Na kawo gawayin Turai, na kawo iskar da ba a gani, na kawo bargo, na kawo mutumin Ingila kamar tare muka yi aikin. Sunan iskar ma sai da na faɗa da Faransanci, na maimaita, ina fitar da shi ta hanci. Zancen mushe kuwa ko kalma ban taɓo ba. Suka saurare ni yadda ake sauraren mai tallar magani ran kasuwa, da nishaɗi, ba da yarda ba.

"Hayaƙin da ba a gani," in ji wani ƙanen babana, "kai ƙaƙa anka yi kag gane shi?"

"Akwai ma'auni, Baffa."

"To a aza ma'aunin bisa kanka mu gani, ina jin nan zahin yat taru."

Aka fashe da dariya. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ke ƙara gudu. Na ga Turai ta yi musu nisa, na nemi misali na kusa. Na juya na nuna tarin gawayin babana, wanda ya kusa tsayin rumbu, na ce, "Kun ga wanga? In anka ƙona shi, iskag ga ita ka hita. Iri guda na da na Nasara. Bisa za ta, ta zamna, ta tare zahi." Babana yana bakin uwar maƙera yana dukan wani guntun ƙarfe. Bai ɗaga kai ba. Daga ranar yara suka sa mini malamin hayaƙi, ni kuma don wauta na ɗauka girmamawa ce, har amsawa nake.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya, a ji ƙamshin ƙasa, sai ya tsaya a kan dutse ya yi jim, ya watse. Gobe haka, jibi haka. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, aka yi sadakar gumba, shiru. Waɗanda suka fi shiga uku su ne masu binne, wato waɗanda suka zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mai gona gabas da murhu, mutum mai hankali wanda ba a taɓa jin sa da kowa ba. Irin da ya binne shi ne na ƙarshe a rumbunsa. Kullum da safe yana zagaya gonar yana ganin tururuwa da zabin daji suna yi masa rabo. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya mantuwa, kuma shi ne ya tuna da karatuna.

Maganar ta fara a bakin rijiya, ta shiga gidaje, ta fito ƙofar masallaci. Ai rani guda maƙera na ƙona gawayi a kan dutsen nan, daidai inda hadari ke tsayawa. Ai yanzu za su sa wutar da ta fi duka. Ai ba wani bare ya faɗa ba, ɗansu ne na cikinsu, wanda Nasara suka ba amanar sama. Abin da na yi kwanaki ina roƙon a yarda da shi ana dariya, yanzu an yarda da shi fiye da yadda ni na yarda. Innata ta dawo daga rijiya ta dire tulu ta dube ni.

"Ɗiyan mutane in sun komo gida gishiri su ka kawowa, ko ɗan zane. Kai mi kak kawo muna? Hayaƙi."

Na ɗauki hulata na sulale waje. Ana gobe za a sa wuta, mai gari ya aiko a kira babana, a kira ni.

Da hantsi muka taru a ƙofar gidansa, kusan gari duka. Dattijon mai binne ya fara magana, kansa a ƙasa.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni da hwaɗa da sarkin maƙera, hauyata ma shi yaƙ ƙera ta. Amma irina na cikin ƙasa, ba ni da wani. Yaron ga ya ce hayaƙin gawayi na tare zahi bisa, mu kau mun ga hadari na zuwa shina komawa. A dakata da wutag ga har ruwa shi sauka. Iyakar roƙona ke nan."

Babana ya ce in an dakata har ruwa ya sauka, to ba dakatawa ba ce, kashewa ce, kuma duk wanda ke wurin zai nemi hauya ran noma ya rasa. Ya ce ubansa ya dafa tama, kakansa ya dafa, ba a taɓa cewa sun kori ruwa ba. Amma na lura da wani abu da ban gane ba a lokacin. Ba ya magana kamar wanda ake tuhuma. Ya zauna ƙafa a harɗe, ƙirji a buɗe, yana shafa gemu, kuma duk sanda aka ce wutarsa na mayar da hadari sai gefen bakinsa ya motsa. A garinmu kowa na bukatar maƙeri, amma in an taru a bakin tabarma yake zama, kuma sai an gama magana a tuna da shi. Ranar kuwa mutane sun ja baya sun bar masa fili a tsakiya, matasa na satar kallonsa. Ban taɓa ganin an yi wa maƙeri haka ba.

Mai gari ya juyo kaina. "To malamin hayaƙi, kai kat taho da magana. Tashi ka hwaɗa muna."

Na tashi. A nan ne mushen da na tsana ya yi mini rana, don duk abin da na ƙi faɗa a rumfa shi na shiga zazzagewa. Na ce ai iskar ba ta taruwa, teku na shanye ta.

"Wace teku?" in ji liman.

"Babban ruwa na, Malam, can wajen Dahome da ƙasashen Nasara."

"To su ta sha musu nasu. Mu nan Adar wa ka sha muna namu? Tabkin Keita ma bana ya ƙahe."

Na ga na ƙara jiƙa wa kaina aiki. Na yi maza na ce wataƙila ma ba hayaƙin ba ne, rana ce da kanta ke ƙara wuta. Na ce danshin sama ya riga ya tare zafin. Wani daga baya ya ce in da akwai danshi a sama ai da ba mu taru a nan ba. Liman, mutum mai haƙuri, ya bari na gama tsalle-tsallena sannan ya ce, "Ɗana, rannan kac ce hayaƙi na. Yau ka ce rana ta. Wacce za mu riƙa?"

Na ce gaskiya su masu abin ma ba su shirya a kai ba, har na baro Madawa gardama ake.

"Ashe ba ta nuna ba kak kwaso muna ita," in ji mai gari.

Gumi na bin tsumman hulata yana gangaro mini a wuya. Na dubi fuskokin dattawa na ga inda shari'ar ta nufa: in masu abin ba su tabbata ba, gara a dakata, ba wanda zai yi wasa da ruwan shekara. Na dubi ƙannena, hannayensu duk kanta da faso na haƙar rani guda. Tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban kumandan. Sai na tuna hoton da ke cikin mujallar nan, abu guda da na gani da idona ba a bakin kowa na ji ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "a bar batun teku. Na ga hoton wurin da hayaƙin ga ka hita. Bututai na dogaye, sun hi giginya, jere har iyakar gani, ko wane na aman hayaƙi dare da rana, rani da damana, ba a kashewa. Gari guda ke nan, kuma garuruwan ba su ƙidayuwa. In akwai wutad da ka taɓa sama, waccan ta. Murhun babana in anka kai shi can, ko ruwan kunun mai gadi ba a ɗorawa bisa nai. Wutar babana ba komi ba ta. Ƙarama ta ƙwarai. Sama ba ta ma san ana hura ta ba."

Wani ya tuntsire, sai dariya ta kama wurin gaba ɗaya, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Har dattijon mai binne sai da ya murmusa. Filin da aka bar wa babana ya rufe, wani ma ya dafa kafaɗarsa yana ƙyaƙyatawa. Mai gari ya share hawaye ya ce a sa wuta gobe. Dattijon ya roƙi abu guda, kada hayaƙin ya bi ta gabas inda hadari ke fitowa, ko da ƙarami ne. Mai gari ya ce wannan mai sauƙi ne tunda gari na da malamin hayaƙi. A ba ni tabarma in tsaya gabas da murhu in riƙa kora shi yamma, in ya ga dama daga can ya zarce wajen masu shi.

Na taho gida ina taku ɗai-ɗai. Na ceci murhu, na ceci hauyoyin gari, da ilimin lakkol kuma, a gaban kowa. Ina jiran babana ya juyo ya ce wani abu. Yana gabana, hannu a baya, bai juyo ba har muka shiga gida. Na ce a raina gajiya ce.

Washegari, karo na farko tun ina yaro, na taka wurin murhu. Ba a zuwa da takalmi, na tuɓe na bar su a gindin wata aduwa, ƙasa ta shiga gasa mini tafin ƙafar da ta saba da safa. Babana ya karanta abin da ya gada a hankali ba mai ji, ya sa wuta ta gindi. Da fari hayaƙi ne fari mai kauri, na kama tabarmata da hannu biyu ina kaɗawa. Iska kuwa ba ta ji hukuncin mai gari ba. Duk abin da na kora sai ta dawo mini da shi a fuska. Yara sun hau dutse daga nesa suna yi mini waƙa. Kafin azahar farin wandona ya koma launin gindin tukunya, idona ya yi ja, hular kwano ta faɗi ta gangara kwari, ba wanda ya bi ta, har ni.

Sai murhun ya kama sosai. Hayaƙin ya ɗauke, bututan suka fara jan iska da kansu da wani gurnani da nake ji a ƙirjina da tafin ƙafata. A bakinsa na sama wani harshe ya tsaya shuɗi-shuɗi, da kyar ake ganinsa cikin rana, iskar da ke kansa tana rawa. In ka leƙa ta bututu, farin da ke ciki ba ya kalluwa. Gashin hannuna ya ƙone daga inda nake tsaye. Babana na zagaya shi ba riga, yana kasa kunne, yana toshe wannan bututu yana buɗe wancan, ba ya gaggawa. Na sauke tabarma na tsaya baki buɗe. Ni da ke auna zafi kullum a cikin akwati, ranar na fara ganinsa. Tsoro da alfahari suka cika ni lokaci guda, na ji ina son in kira duk bariki su zo su ga ubana.

Da wuta ta gama aikinta ta huce, aka fasa gindin murhu aka jawo ƙarfen da sanduna, curi guda baƙi mai ƙaya-ƙaya, sai da maza suka taru kafin ya motsa. Ƙannen babana suka sari gefensa, cikin ya yi ƙyalli. Aka yi kabbara, aka yi kirari, wani ya ruga gari da albishir. Babana ya koma gindin aduwar nan ya zauna kusa da takalmina. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na durƙusa na miƙa masa. Ni da shi duk baƙi ƙirin muke, ranar kam ba mai cewa ba ɗansa ba ne.

"Baba, ƙarhe ya yi kyau."

"Ya yi, alhamdu lillahi."

Ya sha, ya zuba saura a kansa. Ya daɗe yana kallon murhun da aka fasa.

"Abin da kac ce gaban mai gari," ya ce, "don su bar ni kac ce shi, ko gaskiya ta?"

Ga hanya a buɗe, ko jaki zai gan ta. Amma ni ma'aikacin ma'auni ne, an koya mini in faɗi inda jan zare ya tsaya. Kuma, don kada in rage wa kaina wauta, na ɗauka so yake in kwantar masa da hankali cewa bai cuci kowa ba.

"Gaskiya ta, Baba. Kada ka damu. Ko kusa ba ta kai ba."

Ya gyaɗa kai. "Tun ina yaro ni ka hura wutag ga," ya ce. "Ba a taɓa jin tsoronta ba sai bana." Ya miƙo mini ƙwaryar, ya tashi ya koma wajen ƙarfensa.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki, lokacin da ba mai iya cewa don wa ya zo ko don wa ya yi jinkiri. Binnen dattijon nan wani wuri ya tsira, wani wuri ya mutu, maƙwabta suka taimaka masa da iri ya cike. Aka ƙera hauyoyi, aka yi noma. Na koma Madawa ba hula, na tarar lokotoro da mushe sun bar gaz karbonik sun koma gardama kan ko kifi na barci. Na so in ba su labari, na ga ban san ta inda zan fara ba.

Maganata kuwa ta zauna a garinmu. Mace ta hura wuta ta ƙi kamawa, sai a ce sama ba ta ma san ana hura ta ba. Yaro ya yi fushi yana buga ƙafa, haka za a ce masa. Ba da mugunta ake faɗa ba, yawanci an ma manta daga ina ta fito, kuma a gaban babana ake faɗa. Yaƙi ya ƙare, gutsattsarin mota suka dawo kasuwa. Ƙannensa sun so a sake dafa tama ko don yara su koya, ya ce bayansa na ciwo. Bai sake gina murhu ba har ya rasu. Ban ce maganata ce ta hana shi ba, ƙarfen mota ya fi ni laifi. Amma na san ranar da ya daina shafa gemu in ana zancen wuta.

Yanzu rediyo ta ce gardamar ta ƙare a wajen masana, lokotoro ne da gaskiya. Ta kuma ce ƙasashe irin namu hayaƙinsu kaɗan ne, amma zafin mu ya fi samu. Wato a rumfa na yi daidai, a ƙofar mai gari ma maganata ta ƙarshe daidai ce. Ban san wani mahaluƙi da ya yi daidai har sau biyu ya tashi a tutar babu kamar ni ba.

Kwanan baya wata jikata, 'yar lakkol mai tambayar tsiya irin tawa, ta dawo ta ce mushensu ya gaya musu kakanninmu na fitar da ƙarfe daga dutse, an sa su tambayo tsofaffi. Ta zauna gabana ta gyara alƙalami.

"Kaka, wutar babanka babba ta?"

Na dube ta. Na ce, "Babba ta ƙwarai. Hadari ma in ya taho yag gane ta, tsayawa shi ka yi bisa dutse shi koma."

Ta ce wannan ba kimiyya ba ce. Na ce mata na sani, ta rubuta haka nan.